Tabo Uku a Gida Ɗaya

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa kiran agana da sunanta ba. 'Yan rani take cewa, ta kuma sassauta murya kamar mai gulmar surukin da ke zaune a zaure. Fuskarta cike take da zanzana tun daga goshi har haɓa, idonta na hagu kuwa fari fat, ba ya gani. Ina ƙarami a gidanmu na Kademi nakan haye cinyarta in riƙa sa yatsa a ramukan ina ƙirgawa, in ce, "Iya, wa ya yi miki shuka a fuska?" Sai ta ture ni ta ce, "Tafi can, mijin banza, ko kuɗin cefane ba ka bayarwa, sai tambaya." Sai da na yi wayo ta ba ni labarin. Su bakwai ne a ɗakin uwarsu. Cutar ta shigo gari bayan an kai amfanin gona gida, hunturu ya kankama, kafin ruwan fari ya sauka an binne biyu, ita kuma ta tashi da ido ɗaya. Lissafin gidansu bai yi nisa da na likitoci ba, don agana mai tsanani takan ɗauke kusan uku cikin kowane goma da ta kama.

Mijinta, kakana, fuskarsa sumul take. Nasa tabon yana bayan hannu ne, sama da wuyan hannun kaɗan, faɗinsa bai wuce na tsohon kwabo ba. Ni kuma nawa yana dantsen hagu kusa da kafaɗa, ya lotsa, yana sheƙi. Gida ɗaya, tabo uku, duk sanadin cuta ɗaya. Na yi shekaru ina koyar da ilmin halittu a makarantun sakandare kafin in fahimci abin da ya bambanta su, kuma sai bayan na ajiye alli na samu cikon bayanin.

Na kakana aikin wanzami ne. Ya ce shekarar da 'yan rani suka sauka a wata unguwa ta gabas da su, mahaifinsa ya kira sarkin aska. Wanzamin ya je wurin wani yaro da cutar ta zo masa da sauƙi, ƙurajensa tsilla-tsilla, ya lakato ruwan ƙurji ɗaya a bakin aska, ya dawo ya jera yaran gidan a gindin bango, ya yi wa kowa 'yar shasshawa a hannu ya shafa. Ya mayar da askar zabira, aka ba shi dawa, ya tafi. Bayan mako guda zazzaɓi ya rufe su, wurin ya kumbura ya yi ruwa, 'yan ƙuraje suka feso a kewaye, aka killace su a bukka a bayan gida, wata tsohuwa mai zanzana tana kai musu kunu, don an san wanda ya taɓa yi ba ya sakewa. Duk suka tashi. Kakana ya rayu har ya haura tamanin, annoba ta zo ta wuce sau da dama a gabansa, ko ciwon kai ba ta sa shi ba.

Wannan dabara ba ta gidanmu kaɗai ba ce. An san ta a wurare da yawa na Afirka ta Yamma, da Habasha, da Turkiyya, da Indiya, Sinawa kuma busa garin ɓawon ƙurji suke yi a hanci. Wani abin da ya kamata a riƙa faɗa wa yaranmu a aji shi ne, daga bakin wani bawa ɗan Afirka ta shiga Amurka. Sunan da iyayen gijinsa suka sa masa Onesimus, yana hannun wani limamin coci a Boston mai suna Cotton Mather. Ya nuna masa tabon hannunsa, ya gaya masa yadda ake yi a ƙasarsu, Mather ya rubuta wa masanan Landan labarin a 1716. Da annoba ta faɗa wa Boston a 1721, likita ɗaya ne ya yarda ya gwada, Zabdiel Boylston. Mutanen garin kusan 6,000 suka kamu ta hanyar da aka saba, 844 suka mutu, wato ɗaya cikin bakwai. Boylston kuwa ya yi wa mutum 240 da 'yan kai shasshawar, 6 suka mutu, ɗaya cikin arba'in ke nan.

Ba na son a ɗauka yabon askar nake yi ido rufe. Abin da wanzami ke shafawa agana ce ta gaske, ba a rage mata komai ba. Wani yaron yakan mutu, kuma wanda aka yi wa yana iya sa wa na kusa da shi cutar da cikakken ƙarfinta, gari ya kama daga bukkar da aka yi don tsare gari. Shi ya sa abin da Edward Jenner ya gwada a Ingila ranar 14 ga Mayu 1796 ya zama babban al'amari: ya ɗauko ruwan ƙurjin wata cutar shanu, 'yar'uwar agana mai sanyin hali, ya tsaga hannun yaro ɗan shekara takwas ya shafa. Hannun aikin iri ɗaya ne da na wanzami, abin da ke bakin askar ne ya canza. Ƙwayar da aka ci gaba da yin lamba da ita daga baya ana kiranta baksiniya.

Lamba ta iso ƙasar Kano zamanin En'e, amma ta daɗe ba ta yi farin jini ba. Umarni yakan taso daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa masu unguwanni, a ce gobe masu lamba za su zo. Iya ta ce ranar nan rumbuna kan cika da yara. Wanda aka kama aka yi wa, uwarsa na jiran su juya baya ta matse lemon tsami a wurin ta wanke. Suna da hujjarsu. Maganin ruwa-ruwa ne, daga Yaba ta Legas ake kawo shi, kafin ya hau jirgin ƙasa, ya sauka Kano, ya hau keke ya bi rairayi zuwa ƙauyukan Gaya cikin zafin bazara, sau da yawa ya riga ya mutu. A yi wa yaro, lamba ta ƙi kamawa, baɗi agana ta kwantar da shi. Wace uwa za ka sake gaya wa daɗin lamba? Sai a farkon shekarun 1950 wani Bature, Leslie Collier, ya kyautata hanyar busar da maganin ya zama gari, yadda zai yi wata guda cikin zafi bai lalace ba.

Tawa lambar ta bindiga ce. A 1967, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kano, yaƙin basasa kuma ya ɓarke, aka fara gangamin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ina ajin farko-farko na firamare lokacin da ayarin ya iso mu. Tun daren jiya sankira ya zaga, ya ce mai gari na gaishe ku, gobe da hantsi kowa da kowa ƙofar fada, har matan kulle, har jinjiri. Aka kafa igiya, aka yi layi. Na'urar tana da abin takawa a ƙasa kamar keken ɗinki, ma'aikacin ya taka, ya ɗora bakinta a dantse, ka ji tas, an gama, babu allura ko ɗaya. Irin wannan na'ura tana iya yi wa mutum 1,000 a awa guda. Ni dai abin da na riƙe shi ne kukan da abokina ya fasa tun saura mutum biyar a zo kansa, da kuma Iya da ta zo ta tsaya a gefe tana kallo. Wani ma'aikaci ya ce, "Iya, a shiga layi mana." Ta nuna fuskarta ta ce, "Ɗan nan, ni tawa lambar Allah ne ya yi mini."

Kwana uku zuwa huɗu wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi, ya tashi ya yi ruwa, hammata ta yi kaluluwa, na kwana biyu da zazzaɓi, sannan ya bushe, ɓawon ya faɗi cikin mako na uku. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100 a yankin. Mai agana na ƙarshe a Nijeriya an gan shi a watan Mayu 1970. Na ƙarshe a duniya da ya kamu a cikin jama'a wani mai dafa abinci ne a asibitin Marka ta Somaliya, Ali Maow Maalin, a Oktoba 1977, ya kuma warke. Ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa agana ta ƙare.

Tambayar da ta daɗe tana cina ita ce ta hannun kakana. Ƙwayar da ta shiga jikin Iya ita ce ta shiga nasa. Ita ta shaƙa ta hanci, ta rasa ido da 'yan'uwa biyu, shi an sa masa a fata, ya tashi da tabon kwabo. Littattafan da muka karanta a kwalejin horon malamai sun cika da bayanin sojojin jini da ke koyon kamannin cuta su riƙe har abada, wanda shi ya sa mai zanzana ba ya sakewa. Amma waɗannan sojoji sai sun yi mako ɗaya zuwa biyu kafin su shirya. To wa ke riƙe da gari kafin su iso? Wannan ita ce garkuwar da aka haife mu da ita, wadda ba ta jiran koyo, littafinmu kuwa sakin layi ɗaya ya ba ta.

Abin mamaki, farkon bakin zaren daga maganin lamba ya fito. A 1954 wasu masana biyu a Tokyo, Yasuichi Nagano da Yasuhiko Kojima, suna aiki da baksiniya a fatar zomaye, suka lura cewa fatar da aka fara sa wa matacciyar ƙwaya tana fitar da wani abu da ke hana rayayyar yaɗuwa. A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann a Landan suka ga irin wannan da ƙwayar mura a tantanin ƙwan kaza, suka raɗa wa abin suna intafiron, ma'ana mai katsalandan. An gane ihun da ƙwayar jiki ke yi in ɓarawo ya shigo ke nan. Wanda ke ganin ɓarawon ya yi ihun kuwa, sai da aka shafe kusan shekara hamsin ana nemansa. Wata tsohuwar ɗalibata da ke koyarwa a jami'a yanzu ita ta riƙa turo mini bayanan ta waya, tana cewa, "Malam, ga cikon darasin da ka ce mana ba a gama rubuta shi ba."

Ga yadda na fahimce shi, da misalin da na fi sani. Ɗauki kowace ƙwayar jiki a matsayin gida irin namu. Akwai katanga da zaure, akwai tsakar gida inda ake daka da girki, akwai turaka inda maigida ke ajiye takardun gado. Takardun nan su ne DNA, a kulle suke, ba sa fitowa. In ana bukatar wani aiki sai a kwafo shafin da ake so a wata 'yar takarda, RNA, a miƙo tsakar gida a yi aiki da ita. Shi bairos ba shi da murhu ba shi da turmi. Takardarsa kawai yake shigowa da ita, ya miƙa wa masu aikin gidan, su bar na maigida su kama buga masa 'ya'ya. Da ɗan gari kan ci gari. Wahalar kuma ita ce takardar tasa da tawadarmu aka rubuta ta, da baƙaƙe huɗun nan da namu suke da su. Ta yaya za a gane ta?

Amsa ta farko ita ce hula. Duk kwafin shafin da turaka ta aiko tsakar gida an ɗora masa wata 'yar hula a ka. Na bairos da yawa kai ba hula suke yawo, wasu kuma a tufke suke biyu-biyu, abin da ba a saba gani a gidan lafiya ba. A 2004 ɗakin binciken Takashi Fujita a Japan ya nuna cewa wani furotin mai suna RIG-I aikinsa ke nan, lalube a tsakar gida, in ya ci karo da irin wannan RNA ya cafke. Yana da ɗan'uwa, MDA5, mai kama dogayen tufka.

Amsa ta biyu ta fi burge ni, kuma ita ta shafi agana kai tsaye. A gidan kulle ba sai an tambayi baƙon namiji sunansa ba, ganinsa a tsakar gida kawai ya isa a yi kururuwa. Haka DNA yake: wurinsa turaka, in aka gan shi a tsakar gida to ba lafiya ba. A 2008 Glen Barber da abokin aikinsa a Miami suka gano wani furotin, STING, wanda in babu shi ƙwayar jiki ba ta yin ihu ko da DNA ya cika tsakar gida. Amma ba shi ke gani da idonsa ba. Mai ganin sai a 2013 Zhijian Chen na Dallas ya fito da shi, sunansa cGAS. Ba ya karanta abin da ke cikin takardar, bai damu da ko ta wace ce ba. Da ya riƙe ta sai ya ƙera wani ɗan ƙaramin saƙo, cGAMP, saƙon ya je ya tashi STING, STING ya tashi na gaba, har magana ta kai turaka a buɗe shafin intafiron. Ɗan saƙon nan har ta kafar katanga yake bi ya shiga gidan maƙwabta ya tashe su tun ɓarawon bai ƙaraso ba. Dangin agana kuwa sun bambanta da yawancin bairos masu DNA, waɗanda ke lallaɓawa cikin turaka su ɓuya. Su a tsakar gida suke kafa masana'antarsu, a gaban cGAS. An gwada a ɓeraye: waɗanda aka cire musu shi, baksiniyar da 'yan'uwansu ke shanyewa ita ke kashe su.

Duk wannan cikin 'yan awoyi yake faruwa. Intafiron in ya fita, gidajen kewaye sukan buɗe ɗaruruwan shafukan tsaro. Wani furotin ya tsayar da girki gaba ɗaya don kada a dafa wa baƙo, wani ya bi takardun tsakar gida yana yayyagawa, nasu da na baƙon duka, gidan da abin ya ci ƙarfinsa kuma ya rushe kansa. Wanda ya taɓa ganin gobarar hunturu a ƙauye ya san wannan, yadda ake yaye jinka a tumɓuke dannin gidan da wuta ba ta kai ba tukuna don a yanke mata hanya. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da na kwana biyu da su bayan lamba, rabonsu mai yawa na wannan ihun ne. Kuma shi ne ke kiran sojojin koyo, ya nuna musu inda za su.

To in haka ne, me ya sa agana ta ci Iya? Don ita ma ba ta zo da wasa ba. Dangin agana suna ɗauke da shafukan gado wajen 200, kuma kaso mai tsoka a cikinsu ba na haihuwa ba ne, na toshe bakin mai ihu ne. Suna ɗinka wa RNA ɗinsu hula irin tamu sak. Suna da furotin da ke lulluɓe tufkar RNA don kada a gani. Suna sakin wani mai kama da kunnen da ke jin intafiron, ya tare ihun a hanya ya shanye, maƙwabta ba su ji ba. A 2019 aka gano a Boston cewa baksiniya na da almakashin da ke datse ɗan saƙon nan cGAMP, ƙwayar ƙyandar biri ma tana da shi. Saboda haka wanda ya shaƙi agana yakan yi kwana 10 zuwa 14 garau, yana noma yana cin kasuwa, ita kuwa tana bin kaluluwa da saifa da ɓargo tana hayayyafa a ɓoye. Ranar da zazzaɓi zai rufe shi ta riga ta cika jini. Ihu bayan hari. Ko a korona an ga haka: binciken da aka buga a 2020 ya samu kusan ɗaya cikin goma na waɗanda cutar ta kai gargara jininsu na ɗauke da abin da ke kashe intafiron nasu, yawancinsu kuma maza.

A nan na ga hikimar hannun kakana. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, askar ta sauya wa cutar ƙofa. Maimakon ta sulale ta maƙogwaro, an ajiye ta 'yar kaɗan a fata, wurin da ke cike da masu gadi, an kuma yi rauni, rauni kuwa shi kansa kururuwa ne. Faɗan ya tashi a fili ɗaya ƙarami, da wuri, zazzaɓi ya zo a kwana bakwai ko takwas maimakon goma sha biyu, sojojin koyo suka shirya kafin ta mamaye jiki. A 2010 ɗakin binciken Thomas Kupper a Boston ya gwada baksiniya a ɓeraye ta hanyoyi daban-daban, ya samu cewa karce fata ya fi allurar tsoka da ta ƙarƙashin fata ba da kariya nesa ba kusa ba. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai. Sarkin askar da aka biya da dawa bai san cGAS ba, kakana ma da ya ji sunan zai ce wane irin gas, amma wurin da wanzamin ya zaɓa ya tsaga daidai ne. Kuskurensa ɗaya, abin da ya lakato, shi ma ba shi da wani a lokacin.

Yau a Kademi sai ka zaga unguwa guda ba ka ga mai zanzana ba, yara ma ba su san kalmar ba. Ragowar ƙwayar agana tana kulle a ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Koltsovo ta Rasha. Amma danginta suna nan a jikin namun daji. A Satumba 2017 ƙyandar biri ta ɓulla a Bayelsa, bayan rabon Nijeriya da ganinta tun 1978, kuma yawancin waɗanda ta kama matasa ne da aka haifa bayan an daina lamba. Lissafin da aka yi a Kwango a shekarun 1980 ya nuna tsohuwar lambar agana na tsare ƙyandar biri da kusan kashi 85 cikin 100.

Kwanakin baya wani jikana ya ga dantsena ina alwala, ya janye hannun rigarsa ya ce, "Alhaji, ai ni ma ina da irin taka." Na ce masa a'a, ba iri ɗaya ba ce. Mai karatu, in bayan 1980 aka haife ka, ɗan tabon da ke dantsenka na BCG ne, allurar tarin fuka da ake yi wa jarirai. Ba ya tsare agana, ba ya kuma tsare ƙyandar biri.